Ɗori: wa ke haɗa ƙashin da ya karye?

A Lugu, garin Sarauniya, kamar sauran garuruwan ƙasar Arewa, in yaro ya faɗo daga bisa itace ko babur ya kayar da ɗan kasuwa, maɗori ake fara nema kafin likita. Ɗori gado ne, kuma ƙasusuwa da yawa sun haɗe a hannun dattawan nan. Amma wa ke yin haɗin kansa?

Tun 1867 Ollier, wani likitan birnin Liyon na Faransa, ya nuna cewa yanar da ke lulluɓe da ƙashi tana haifar da sabon ƙashi. Sauran amsar daga jikin ɓera ta fito. A 2015 Charles Chan da Michael Longaker na jami'ar Stanford ta Amurka suka ware wasu ƙwayoyin halitta daga ƙashin ɓera, masu kama da iri: su ke haifar da ƙashi, da guringuntsi, da saƙar da ɓargo ke zaune a ciki. A 2018 suka gano irinsu a jikin mutum.

In an samu karaya, jini ya daskare a wurin, ƙwayoyin nan su taru su like bakunan biyu da guringuntsi cikin mako biyu zuwa uku, sannan guringuntsin ya riƙa komawa ƙashi sannu a hankali. Aikin maɗori, haka ma na likita, shi ne daidaita bakunan da hana su motsi. Ƙwayoyin kuwa da jini suke rayuwa. Ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka yi baƙi yana toshe musu hanya, naman ya mutu, ƙarshenta a yanke hannun da karayarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Sha'anin yara ya fi wuya. Kusa da kowace gaɓa, dogon ƙashinsu yana da faifan guringuntsi, ta nan yake ƙara tsawo. Noriaki Ono na jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun nuna a 2018, a ɓeraye dai, cewa faifan rumbun irin waɗannan ƙwayoyi ne. Karayar da ta ratsa shi tana iya haɗewa sarai, sai bayan shekaru a ga ƙafar ta karkace ko ta gajarce. Lalube da hannu ba ya gano ta; sai hoton radiyo, ko da zai sa uba ya biya mota har Doso ko Yamai.