Ya Kamata a Koya wa Yara Sanin Jikinsu a Makaranta?

Iyaye da yawa sukan tsorata idan aka ce za a koya wa yara zancen balaga da haihuwa a makaranta. Sukan ce, "Za a buɗe musu ido su lalace." Wannan tsoro na mai ƙaunar ɗansa ne. Amma yaro zai ji zancen nan ko mun so ko mun ƙi, a bakin rijiya, ko wurin abokai, ko cikin salula. Abin dubawa shi ne wa zai fara gaya masa, kuma gaskiya zai ji ko ƙarya.

Me ya sa gida kaɗai bai isa ba?

Kunya ce ke ɗaure bakinmu. Uwar da ba ta kiran sunan ɗiyarta ta fari, yaya za ta yi mata zancen haila? Kaka ko gwaggo su ke wannan aiki, amma sau da yawa sai biki ya matso. Ga shi kuwa a Nijar, cikin ƴan mata 4, wajen 3 ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Da yawa suna shiga ɗaki ba su san yadda ciki ke shiga ba.

Me ya kamata yaro ya sani?

Ƙaramin yaro ya san tsabtar jiki. Ya san akwai wuraren da ba wanda ya isa ya taɓa masa, kuma idan wani ya taɓa, ya gaya wa babba ba tare da tsoron duka ba.

Yarinya ta san haila tun kafin ta gan ta. Yawanci takan fara tsakanin shekara 10 da 15, kuma ba cuta ba ce. Namiji ma ya san mafarkin balaga ba ciwo ba ne.

Wanda ya balaga ya san kwana ɗaya ya isa ciki ya shiga. Ya san sida da ciwon sanyi ana ɗaukarsu ta wurin saduwa, kuma mai ɗauke da su yana iya zama lafiya lau a ido. Ya san ƙugun yarinya yana ci gaba da girma shekaru bayan ta fara haila. Idan ta yi ciki da wuri, naƙuda tana iya tsawo, jariri ya mutu, ita kuma ta samu yoyon fitsari.

Sanin nan yana lalata yara?

Hukumar UNESCO ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, ta fitar a 2018. An ga cewa irin wannan koyarwa ba ta sa yara su fara saduwa da wuri. A wurare da dama ma ta sa sun jinkirta.

Me za ku yi?

Ya kamata a koyar, amma da saninku. Ku je wurin daraktan makaranta ku nemi ganin darasin. Ku roƙa a koyar daidai da shekarun yara, kuma inda zai yiwu, mace ta koya wa ƴan mata, namiji ya koya wa samari. Malami zai bayyana yadda jiki ke aiki. Kamun kai da tsoron Allah kuwa, aikinku ne da shugabannin addini.

Idan bakinku ya yi nauyi, ku kawo yarinyar asibiti tare da gwaggonta, ungozoma ta yi musu bayani. Kada ku jira sai ta ga jini.