Ƙarar kwamfutar wasa ta hana ku barci? Ga dabarar mayar da ita wani ɗaki

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ƴan kasuwa, yau zancenmu a kan wata baƙuwa ne da ta shigo gidajen Tahoua ba sallama, wato kwamfutar wasa. Wasu ƴan ci-rani ne suka zo da ita tsaraba daga Abijan ko Aljeriya, wasu kuma sun saye ta ne don sana'a, yara su biya su buga ƙwallo. Amma duk gidan da ta sauka ƙorafin ɗaya ne: ƙara da zafi. Matar da za ta yi sammako zuwa kasuwar Lahadi ba ta da lokacin sauraren gurnanin na'ura har tsakar dare.

Me ke kawo ƙarar? Babbar kwamfutar wasa tana iya shan wuta wat 300 zuwa 500 idan ana wasa, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa. Ƙananan fankoki ne a cikinta ke fitar da zafin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Adar ke wuce digiri 40, dole fankokin su ƙara gudu. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska, sai ƙarar ta ninka.

Maganin shi ne a raba na'urar da mai wasan. A ajiye kwamfutar a wani ɗaki can nesa, ita ke yin aikin duka, sai ta aiko da hoto da sauti zuwa salula ko wata tsohuwar kwamfuta marar ƙara. Abin da mai wasa ya danna kuma ya koma wurinta nan take. Dabarar ta daɗe. Kamfanin Valve na Amurka ya buɗe ta ga masu amfani da Steam a 2014, kuma manhajarsa ta Steam Link kyauta ce. Kamfanin Sony na Japan yana da tasa mai suna Remote Play, wadda tun 2019 ake iya sa wa a salular Android da iPhone don masu PlayStation 4.

To ina maganar kuɗin intanet? Idan na'urorin biyu suna gida ɗaya, hoton yana bi ne ta akwatin wifi na gidan, ba ya fita waje. Intanet ana bukatarsa ne wajen yin rajista da sauko da wasanni. Wannan ya bambanta da tsarin da kwamfutar ke can wata ƙasa, irin Stadia ta kamfanin Google, wadda aka buɗe a 2019 aka rufe a Janairun 2023.

Sai dai a kiyaye abubuwa uku. Na ɗaya, a haɗa kwamfutar da akwatin wifi da kebul, domin katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe suna raunana wifi, hoto ya riƙa tsinkewa. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba matsala. Na biyu, kada a kulle ta a kabad ko ɗakin ajiya marar taga. Mutum zai huta da ƙara, amma zafi ya kashe masa dukiya. A ɗora ta kan tebur, nesa da buhunan gero da albasa, a riƙa kakkaɓe mata ƙura. Na uku, wutar lantarki. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ko yanzu da jiharmu ke da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ya kamata a sa wa na'urar batirin kariya, don ɗaukewar wuta kwatsam tana lalata ta.

Abu na ƙarshe, iyaye mata, ƙarar nan ita ce ke tona yaron da ya raba dare yana wasa. Idan ta tafi, sai a sa ido. Kuma kwamfutar da aka ɓoye ba ta daina shan wuta ba, takardar NIGELEC za ta zo ƙarshen wata. In an gama wasa, a kashe ta. Allah ya ba da kasuwa.