Dutse Gadawur: Garin Da Ya Girmi Jiharsa

Idan ka tsaya a Yalwawa da yamma ka ɗaga kai, abin da za ka fara gani shi ne duwatsu, wasu a kan wasu kamar an jera su da hannu. Su suka ba garin sunansa. Amma tambayi ɗan aji uku a sakandare yaushe aka kafa Dutse, sau da yawa zai ce maka 1991. Ya yi kuskure, ko da yake ba a rasa dalilinsa ba.

Ranar 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar jihar Kano, ta mai da Dutse babban birni. Garin kuwa ya girmi wannan rana da ɗaruruwan shekaru. Labarin baka ya ce wani maharbi, Duna Magu, shi ya fara zama a wurin saboda yawan gada, kuma daga nan ne sunan Gadawur ya samo asali. Tsohon tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, wanda ya auri 'yar Sarkin Dutse. A ƙarni na 18 kuma sai da Sarkin Kano Kumbari ya ɗauko yaƙi musamman domin wani mai mulkin Dutse da ake kira Ada. Garin da sarki ke tasowa takanas ya yaƙa ai ba ƙauye ba ne.

Wanda ke son ganin wannan tsohuwar Dutse sai ya hau Garu, inda fadar sarki take a tsakanin duwatsu. Kana hawa za ka gane hikimar magabata: mahayin doki ba ya afka wa wannan wuri a guje. A nan marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya yi mulki har rasuwarsa a 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi.

Sabuwar Dutse a ƙasa ta bazu. Sakatariya, asibitin Rasheed Shekoni, Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, filin jirgin saman da aka gina a zamanin Gwamna Sule Lamido. Unguwanni irin su Takur da Yalwawa sun cika da ma'aikata da ɗalibai 'yan haya. Wannan ya kawo kuɗi, amma kuɗin albashi ne. Mai shago da mai a-daidaita-sahu duk sun san bambancin farkon wata da tsakiyarsa.

Arzikin da ya fi albashi daɗewa shi ne na ƙasa: gero, dawa, riɗi, sai kuma dabino. A nan cibiyar NIFOR take da reshenta na binciken dabino, kuma kasuwar Shuwarin da ke kusa ta yi suna wajen cinikinsa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ko da azumi, dabinon da ke cika farantan masu talla yawancinsa daga Nijar da ƙasashen Larabawa yake zuwa. Bishiyar dabino tana ɗaukar shekaru kafin ta fara haihuwa, shi ya sa matasa da yawa ba sa ɗokin dasa ta.

Sai dutsen kansa. Kowane sabon gida da titi yana buƙatar tsakuwa, kuma daga jikin duwatsun nan ake fasa ta. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje, ba wanda zai musa. Amma dutsen da aka fasa ba ya tsirowa kamar gero. Wanne za a fasa, wanne za a bar wa masu zuwa, tambaya ce da za ta faɗo a kan waɗanda ke aji yanzu. Kafin nan, ku roƙi malamin tarihi ya kai ku Garu wata Asabar, ku tafi da ruwa da takalmi mai riƙe ƙafa.