Tsokar Da Ke Ceton Ƙafa Daga Yankewa

Siririyar fata ce kawai ta lulluɓe ƙashin ƙwauri ta gaba. Idan hatsarin babur ko na mota ya ɗaye ta, ƙashin kan fito fili, ya bushe, ƙwayoyin cuta su shige shi. Dashen fata kaɗai ba ya kamawa a wurin, domin babu jinin da zai ciyar da ita.

A nan ne likitocin tiyata ke aro tsoka. Idan raunin na kusa da gwiwa, sukan juyo tsokar sharaɓa ta sama tare da jijiyar jininta, su rufe ƙashin. Idan a tsakiyar ƙwauri ne, sai su juyo wadda ke ƙarƙashinta. Kusa da idon sawu kuwa, inda tsoka ta yi ƙaranci, akan ɗauko ta daga gadon baya ko cinya, a ɗinke jijiyoyinta da na ƙafar.

A 1986 likita Marko Godina ya nuna cewa rufe irin wannan rauni cikin sa'o'i 72 na rage ruɓewa ƙwarai. Kwanakin da iyali kan ɓata wajen mai ɗori na iya zama sanadin yanke ƙafar.