Me ya sa lupus ke kama Hassana ta bar Usaina?

Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu ɗaya ne. Da gado kaɗai ke yanke hukunci, duk cutar da ta samo asali daga jini in ta kama Hassana sai ta kama Usaina. Amma wani nazari da aka buga a Amurka a 1992 kan tagwaye masu cutar lupus ya nuna ba haka abin yake ba. Idan ɗaya ta kamu, kusan sau ɗaya cikin huɗu ne kawai 'yar'uwarta ke kamuwa.

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, ta far wa fata da gaɓɓai da ƙoda da jini. Wasu kan fito da jan ƙurji a kumatu da karan hanci, mai siffar malam-buɗe-littafi. Wasu kuwa zazzaɓi ne da ciwon gaɓɓai da kasala, don haka a yankin da maleriya da taifod suka zama ruwan dare, mace na iya daɗewa tana shan maganin cutar da ba ita ke damunta ba. Kuma cikin kowane mutum goma masu lupus, kusan tara mata ne.

Masana sun gano wani ɓangare na amsar a bisa DNA, ba a cikin haruffansa ba. Duk wanda ya yi karatun allo ya san baƙaƙe kan zauna yadda suke, amma in aka sauya wasali sai karatu ya sauya. Jiki ma yana ɗora wasu alamomi a kan ƙwayoyin gado, mafi shahara a ciki wani ɗan sinadari ne da ake kira metil. Inda metil ya taru a bakin ƙwayar gado, galibi sai ta yi shiru. Inda aka kankare shi, sai ta soma aiki. Wani furotin mai suna DNMT1 ke da alhakin kwafe waɗannan alamomi duk lokacin da tantanin jiki ya rabu biyu. A 2010 masu bincike a Basalona ta ƙasar Sifaniya suka gwada jinin tagwayen da ɗaya ke da lupus ɗaya ba ta da ita, suka tarar metil ya ragu a kan ƙwayoyin gado da dama na masu cutar, yawancinsu masu alaƙa da garkuwar jiki.

Wannan kaɗai bai isa hujja ba. An ɗebi jinin ne bayan cuta ta riga ta kama, ga kuma magunguna ana sha, to wa ya san wanne ya rigayi wanne? Hujjar da ta fi nauyi ta fito ne daga wajen magunguna. Tun da daɗewa likitoci sun lura cewa wasu masu shan furokenamaid, maganin bugun zuciya, ko haidaralazin, maganin hawan jini, sukan kamu da ciwo mai kama da lupus, wanda ke lafawa in an daina shan maganin. Bruce Richardson na Jami'ar Michigan ya bi sawun lamarin tun daga shekarun 1980. Ya nuna cewa magungunan biyu suna rage metil a cikin fararen ƙwayoyin jini nau'in T, kuma in aka yi wa waɗannan ƙwayoyi haka aka mayar da su jikin ɓera mai lafiya, sai ɓeran ya kamu da ciwo irin na lupus. Ba a taɓa harafi ko ɗaya na gadonsa ba. Kada wannan ya tsorata mai juna biyu da aka yi wa allurar haidaralazin a ɗakin haihuwa: matsalar ta masu sha ce wata da watanni, musamman da yawa.

To, me ya sa mata? Mace na da kuromosom X biyu, namiji ɗaya. Don kada aiki ya ninka, jikin mace kan kulle ɗaya tun tana ciki, kuma metil na cikin abin da ake kulle shi da shi. Matsalar ita ce X na ɗauke da ƙwayoyin gadon garkuwar jiki masu yawa. A 2007 aka nuna cewa a jikin mata masu lupus, ɗaya daga cikinsu, CD40LG, kan farka a kan X ɗin da ya kamata ya yi shiru. Mazan da aka haifa da X biyu da Y ɗaya su ma haɗarinsu ya ninka na sauran maza kusan sau 14, ya kusanci na mata.

Sai kuma maikro-RNA, waɗanda labarinsu ya faro daga wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. A 1993 Victor Ambros da abokan aikinsa suka gano wata ƙwayar gado a jikin tsutsar da ba ta samar da furotin, sai wani guntun RNA mai haruffa kusan 22. Gary Ruvkun ya taimaka wajen nuna aikinsa: yakan manne wa saƙon wata ƙwayar gado ya hana a sarrafa shi ya zama furotin. Shekaru bakwai aka yi ana ɗaukar abin a matsayin al'ajabin tsutsa kawai, har sai da ɗakin binciken Ruvkun ya gano wani irinsa a 2000, wanda ke jikin dabbobi da yawa har da ɗan Adam. Yau an san muna da irinsu sama da dubu, kuma mutanen biyu sun karɓi kyautar Nobel a 2024.

Biyu daga ciki sun fi jan hankalin masana garkuwar jiki. miR-146a, wanda ɗakin binciken David Baltimore ya bayyana aikinsa a 2006, shi ke tsawatar wa kumburi bayan an gama da ƙwayar cuta. Ɓerayen da aka cire musu shi kumburi ke cinye su yayin da suke tsufa, kuma a 2009 masu bincike a Shanghai suka tarar ya yi ƙaranci a jinin masu lupus. miR-155 kuwa mai zuga ne. Ɓeran da ba shi da shi ba ya iya kare kansa sosai daga cuta, amma kuma da wuya a sa masa amosanin gaɓɓai a ɗakin gwaji. Abin da ya haɗe zancen shi ne wani bincike na 2010: miR-21 da miR-148a sun yi yawa a ƙwayoyin T na masu lupus, kuma aikinsu rage DNMT1 ne, wato furotin ɗin nan mai kula da metil. Abin da magani ya yi daga waje, jiki na iya yi wa kansa daga ciki.

Mayar da wannan ilimi magani ne ke da wuya, domin maikro-RNA ɗaya kan taɓa ɗaruruwan ƙwayoyin gado. A 2016 aka dakatar da gwajin MRX34, maganin ciwon daji da aka ƙera kan miR-34a, bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta harzuƙa har huɗu suka rasu. Wanda ya fi nisa yanzu ƙwaya ce ta kamfanin Abivax na Faransa, obefazimod, mai ƙara yawan miR-124. A watan Yulin 2025 kamfanin ya sanar da nasara a mataki na uku na gwajinta, amma kan masu gyambon babban hanji ne. Masu lupus har yanzu dogaronsu na kan haidiroksikulorokwin, dangin tsohon maganin maleriya, da sitiroyid da sauran magungunan danne garkuwar jiki.