Zagayen ƙafa a kasuwar Ɗambatta: Abincin da ke fitowa daga gonakin arewacin Kano

Duk ranar Lahadi, tun kafin hantsi, hanyoyin da ke shiga garin Ɗambatta kan cika da amalanken shanu da babura da motocin a-kori-kura. Ranar ce kasuwar garin ke ci, kuma an fi saninta da cinikin dabbobi da hatsi.

Sai dai wanda ya ajiye abin hawansa ya zaga da ƙafa zai tarar da wata kasuwar a cikin kasuwa, wato ta masu abinci. Akasarin abin da zai ci daga safe zuwa la'asar daga gonakin da ke kewaye da garin ya fito, ko daga itatuwan da ke tsaye a cikinsu.

Gari a kan hanyar fatake

Ɗambatta na kan titin da ya tashi daga Dawanau, ya bi ta Kazaure da Daura har zuwa Kwangwalam, a kan iyakar Najeriya da Nijar. Ta wannan shiyya ce ayarin raƙuma ke gangarowa Kano a da, daga Agadas da Damagaram, ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da tufafi.

Har yanzu alaƙar na nan. Dabino da soyayyiyar fara da dabbobi da yawa daga Nijar suke shigowa kasuwannin wannan yanki. Shi ya sa lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, 'yan kasuwa suka ji a jikinsu.

Karin kumallo a bakin kasuwa

Zagayen daga wurin masu koko da ƙosai yake farawa. Gero ne a cikin kofi, wake ne a cikin kasko, kuma a gona ɗaya ake shuka su: manomi kan sa gero da dawa, ya bi tsakaninsu da wake ko gyaɗa.

Gaba kaɗan akwai masu waina, kowace da tandarta a kan murhu, ga miyar taushe da ta sha kabewa da yakuwa da gyaɗa. Mai son abin da zai riƙe masa ciki har azahar kuwa, sai ya nemi ɗanwake.

Ana kwaɓa shi ne da garin wake da na rogo ko dawa, a zuba kuka da ruwan kanwa, a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa har ya taso sama. Kukar ce ke riƙe shi kada ya watse. Man gyaɗa da yaji kawai yake buƙata, sauran kayan haɗi kuma gwargwadon aljihun mutum.

Fura a inuwa, nama a kara

Da rana ta take, sai a nufi inda matan Fulani ke jera ƙwaryarsu. A nan ake dama fura da nono ko kindirmo a gaban mai saye.

Wannan kwanon ma yana da tarihi a gona. Bayan kaka, makiyaya kan sauka a gonakin da aka girbe, shanu su ci karmami da ragowar kara, su bar taki. Takin ne ke mayar wa ƙasar ƙarfinta, ta sake ba da geron da za a yi furar baɗi.

A gonakin da ke kewaye da Kano, jama'a sun yi yawan da ba a barin gona ta huta. Masanin nan ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun a shekarun 1960, ya nuna cewa taki da haɗa shuka da kiwo da kula da itatuwa ne suka sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba.

Daga wurin fura, ƙamshi ne zai ja mutum zuwa wajen mahauta, kusa da kara. Ga tsire da aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli, ga balangu, ga kayan ciki. Wasu kan haɗa naman da gurasa, wadda ake danganta zuwanta Kano da Larabawan da suka zo fatauci.

Kifi a ƙasar da ba teku

Baƙo kan yi mamakin ganin kifi a nan. Madatsar ruwa ta Thomas ba ta da nisa da garin, kuma masunta na kamo karfasa da tarwaɗa a cikinta. Ana soya shi a bakin hanya, a yayyafa yaji, a naɗe a takarda.

Ruwan madatsar ne kuma ke raya noman rani, inda ake samun tumatir da albasa da attaruhu a lokacin da sauran gonaki suka bushe.

Hannun da ba a gani

Dambu da kwaɗon zogale ko na rama, da awara da daƙuwa da kantun riɗi, yawanci a kan tiren 'yan mata ake ganinsu. Masu dafa su suna cikin gida. Matan aure ne da ke sana'arsu a bayan katanga, suna zubin adashe da ribar, suna tara kayan ɗakin 'ya'yansu.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin niƙa da na mota da na man suya duk sun hau. Mai ƙaramin jari ba ta iya ƙara kuɗi yadda take so, domin masu sayen ma talakawa ne. Abin da ya rage mata shi ne ta rage girman ƙosai, ko ta bar sana'ar.

Ɗanɗanon da ke rataye a bishiya

A layin masu kayan miya ne mutum zai gane inda matsalar ta fi tsanani. Daddawar asali da kalwa ake yin ta, wato ƙwayar 'ya'yan ɗorawa. Ana dafa ta sa'o'i masu yawa, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe kamar kwana 3 har ta ruɓa, sannan a kirɓa a shanya.

Ɗorawa kan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Tsofaffin na faɗuwa, wasu ana sare su don itacen girki da gawayi, kuma dabbobi kan cinye ƙananan da suka tsiro. Ga gonaki na ƙara tsukewa saboda rabon gado, har manomi na ƙyashin inuwar da za ta tauye masa amfani.

Saboda tsadar kalwa, mata da dama sun koma yin daddawa da waken suya, wasu magidanta kuma ɗanɗanon kanti kaɗai suke saye. Duk wanda ya tashi da miyar kuka mai daddawar kalwa ya san bambancin tun daga ƙamshi.

Kuka da tsamiya da kanya da ɗinya da aduwa duk haka suke. Ba a cika dasa su ba, sai dai manomi ya ga tsiron ya kare shi. Idan ya daina karewa, wanda ya fara gani a kwanonsa shi ne mai cin ɗanwake da mai shan kunun tsamiya.

Idan za ka je

Ka isa da sassafe, domin waina da ɗanwake kan ƙare kafin azahar. Ka riƙe canji a hannu, saboda 'yan talla ba kowa ke karɓar tura kuɗi ta waya ba. Ka zaɓi abin da aka sauke a gabanka da zafinsa, kuma ka tambayi mai daddawa ko ta kalwa ce ko ta waken suya.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, an tsara zai bi ta Ɗambatta. Idan ya kammala, baƙin da za su riƙa sauka a garin za su ƙaru, masu abinci kuma za su samu sabbin abokan ciniki.

Ko za su tarar da daddawar kalwa a cikin miya, wannan ya danganta da yawan ɗorawar da manoman yankin suka bari ta girma a gonakinsu daga yanzu.