“Ai Gara Ka Sayi Sabuwa”

A bara wayata ta daina shan caji yadda ya kamata. Sai na lanƙwasa igiyar caja, na danne ta da littafi, sannan ta yarda ta ɗauka, kuma da wani ya taɓa teburin sai ta saki. Na kai ta wani babban shagon waya mai gilasai da sanyin na'ura, irin wanda ma'aikatansa ke sanye da riga iri ɗaya. Yaron da ya tare ni mai ladabi ne ƙwarai. Ya juya wayar gaba da baya, bai ko leƙa bakin cajin ba, ya ce, “Yallaɓai, ai wannan ta yi maka hidima. In ka gyara nan yau, gobe batir ne, jibi sikirin. Kawo ta mu karɓa, ka yi ɗan ciko ka ɗauki sabuwa dal a kwali.” Kafin in buɗe baki har ya jera mini guda uku a kan kanta.

Ban saya ba, kuma ba wayo ne ya hana ni ba, aljihu ne bai ba da izini ba. Amma na fito ina tunanin maganar yaron, don na san ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Magana ce da ake koya wa mutum. Ana faɗar ta a Kano, ana faɗar ta a Landan da Niyok, kuma akwai lokacin da aka gano inda umarnin faɗar ta ya fito.

A watan Fabrairun 2019 kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito abin da ya faru a shagunan kamfanin Apple a Disambar da ta gabata. Cinikin sababbin wayoyin iPhone ya ja baya, hankalin manyan kamfanin ya tashi. Sai aka umarci masu duba wayoyi a shagunan, wato waɗanda aikinsu gyara ne, ba talla ba, da su riƙa kwaɗaita wa duk wanda ya kawo wayar da garantinta ya ƙare sayen sabuwa. Aka ɗora wa manyan ma'aikata sa ido su tabbatar na ƙasa da su suna yin hakan. Aka kafa alluna a shagunan ana tallar musayar tsohuwar waya da iPhone XR, wadda farashinta ya fara daga dala 749, amma aka riƙa rubuta dala 449 da manyan baƙaƙe, ga wanda zai miƙa tsohuwarsa mai ɗan daraja.

Sayar da waya ba laifi ba ne, don shi aka buɗe shagon. Abin dubawa shi ne wanda aka sa ya yi tallar. Mutum in ya je wurin mai talla ya san da wa yake magana, yana rage wani abu daga duk abin da aka gaya masa. In kuwa ya je wurin mai gyara, kamar ya je gaban likita ne: ya miƙa abin da bai san cikinsa ba, yana jiran a faɗa masa gaskiyar ciwon. Ranar da aka sa wa likitan nan adadin da zai sayar, shawararsa ta gauraya da wani abu da mai wayar ba ya gani.

Me ya jawo cinikin ya ja baya har aka kai ga haka? Nan labarin ya fi daɗi, domin kamfanin da bakinsa ya faɗi ɗaya daga cikin dalilan.

Batirin waya na sinadarin litiyam ne, kuma tsufa yake yi ko an lallaɓa shi. Kowane zagaye na caji yana ɗan cin ƙarfinsa. Apple da kansa ya ce batirin wayoyinsa na wancan zamani an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, abin da mai yawan danne-danne zai cinye cikin shekara biyu ko ƙasa da haka. Tsohon batir ba saurin ƙarewa kaɗai ne aibinsa ba. Ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa jona dutsen guga a ƙaramin janareta ya san abin: injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Haka wasu wayoyin iPhone 6 da 6s suka riƙa mutuwa farat ɗaya alhali da sauran caji. A farkon 2017 kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja da ke rage wa ƙwaƙwalwar wayar gudu idan batir ya tsufa, don kada ta nemi wutar da ba za ta samu ba. A fannin injiniya dabara ce mai ma'ana. Sai dai ba a bayyana wa masu wayoyin ba. Mutum ya ga wayarsa ta koma tafiyar hawainiya, ya ɗauka ta ƙare ne, ya je shago, aka nuna masa sabuwa. Alhali da an canza batir da ta dawo da gudunta.

A Disambar 2017 masu gwaje-gwajen saurin waya suka fito da hujja, kamfanin ya amsa, ya nemi afuwa, ya kuma sauke kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa dala 29 har ƙarshen 2018. Jama'a suka yi tururuwa. An ruwaito cewa a shekarar an canza batir kusan miliyan 11, alhali abin da aka saba bai wuce miliyan ɗaya zuwa biyu ba. Ranar 2 ga Janairun 2019 shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari cewa kuɗin shigar watanni ukun ƙarshen shekara zai tsaya wajen dala biliyan 84, ƙasa da biliyan 89 zuwa 93 da aka yi hasashe. Babban dalilin da ya bayar shi ne raunin kasuwar Sin. Amma cikin sauran dalilan ya ambaci cewa wasu masu wayoyi sun ci moriyar arahar canza batir, ba su sayi sababbi ba.

Ban san wata shaida da ta fi wannan ƙarfi ba a duk muhawarar. An daɗe ana cewa mutane ne ke son sabon abu, su ne ba sa son gyara. Shekara guda aka yi gyara yana araha, miliyoyi suka zaɓi gyara, har abin ya taɓa lissafin ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fi kowa kuɗi a duniya. Kuma a watan ƙarshe na wannan arahar ne aka ce wa masu gyara su koma talla.

Hukumomi ba su bar zancen ba. Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10 da Samsung yuro miliyan 5 a Oktoban 2018 kan sabunta manhajar da ke nauyaya wa tsofaffin wayoyi. Faransa ta ci Apple yuro miliyan 25 a Fabrairun 2020 saboda rashin sanar da masu saye. A Amurka kamfanin ya amince ya biya har dala miliyan 500 don sasanta ƙarar da masu wayoyi suka shigar a dunƙule, ba tare da ya amsa laifi ba.

To, shi ma'aikacin da ke bakin kanta fa? Ni dai ban ga dalilin ɗora masa laifin duka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A shaguna da yawa, musamman na kamfanonin layin waya, albashinsa ƙarami ne, kamasho ne ke cike giɓin, kuma kamashon yana kan abin da ya sayar, ba kan wayar da ya ceto ba. Inda ma babu kamasho akwai adadin da ake so ya cika, da manajan da ke duba alƙaluma ƙarshen mako. Sau da yawa kuma ba ƙarya yake yi ba in ya ce gyaran ya kusa kuɗin sabuwa. Gaskiya ce, amma wa ya yanka kuɗin gyaran? Hannun da ya sa wa sabuwar farashi shi ya sa wa sikirin da batirin farashi. Shi ya zaɓi a manne batir da gam, shi ya zaɓi noti mai kan da sukundireban gida ba ya kamawa. Manyan shaguna kuma galibi ba sa gyaran ƙananan ƙwayoyin da ke kan fanel. In ƙwaya ɗaya ta ƙone, fanel ɗin gaba ɗaya suke canzawa, kuɗin ya yi sama.

Gidan talabijin na CBC a Kanada ya gwada wannan a 2018. Suka kai kwamfutar MacBook mai duhun sikirin wani shagon Apple a Toronto da ɓoyayyar kyamara. Aka ce musu akwai alamar ruwa ya shiga, gyara zai ci dala 1,200 na Kanada ko fiye, kusan kuɗin sabuwa. Suka kai ta wurin Louis Rossmann, wani mai gyara mai zaman kansa a Niyok. Ya buɗe, ya ga wani ɗan siririn ƙarfe ne ya lanƙwashe a mahaɗin sikirin, ya miƙe shi, haske ya dawo. Apple ya musanta cewa al'adarsa ce zuzuta kuɗin gyara, kuma misali ɗaya ba ya zama hukunci. Sai dai duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gyara ya san irin wannan ba baƙon abu ba ne.

Akwai kuma wata sabuwar katanga da ba a gani da ido. Kamfani ya riƙa ɗaure wasu sassa na waya da lambar wayar a cikin manhaja, ta yadda ko batir na asali aka ciro daga wata wayar irinta aka sa, sai ta riƙa nuna gargaɗi ko ta kashe wani aiki. Da iPhone 13 ta fito a 2021, canza sikirin a wajen shagon da kamfani ya amince da shi yana kashe buɗe waya da fuska, sai da aka yi ta ƙorafi kafin aka janye. Jihar Oregon ta Amurka ta haramta wannan ɗaurin a dokar da ta yi a 2024. Tarayyar Turai ta fi kowa nisa: daga 20 ga Yunin 2025, wayar da za a shigar kasuwarta dole batirinta ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, a samar da muhimman kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayar da ita, a kuma ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara biyar. Turai tana da wani dalili bayan aljihun mai saye. Kusan kashi 80 na hayaƙin da waya ke jawo wa duniya a rayuwarta wajen ƙera ta ake fitar da shi, ba wajen caji ba, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai an zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62.

Ba kullum ne gyara ya fi ba. Wayar da ta daina samun sabuntawar tsaro, manhajar banki ta fara ƙin buɗewa a kanta, ko wadda ruwa ya ci fanel ɗinta, zuba mata kuɗi asara ce. Kuma cikin masu gyara akwai na Allah akwai na Annabi, akwai kuma wanda zai sa maka batirin jabu ya kumbura cikin wata biyu. Tambayoyin da ke raba shawara da talla ba su da yawa: mene ne takamaimai ya lalace, nawa ne kuɗin wannan sashen shi kaɗai, kuma an buɗe an gani ne ko hasashe ake yi? Wanda bai buɗe ba, bai gwada ba, ya ce maka ta mutu, bai san ta mutu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda wayoyin da aka karɓa a musaya suke ƙarewa. Ba narkar da mafi yawansu ake yi ba in suna da sauran rai. Dillalai ke saye a dunƙule, a tace su, su bi ta Hong Kong ko Dubai, su sauka a Computer Village da ke Ikeja, a Banex a Abuja, a Farm Centre da titin Beirut a Kano, da sunan “Landan yus”. Wayar da aka ce wa Bature ba ta cancanci gyara ba, ita ce ɗan Kano zai canza wa batir ya riƙe shekara uku. Ita kanta XR ɗin da aka kafa wa alluna a 2018 yanzu ta zama tsohuwa, har yaran kasuwa sun ƙware wajen sauya mata gida su sa ta a jikin sabon samfuri mai idon kyamara uku, ta fito tana ƙyalli kamar jiya aka yi ta.

Can na kai tawa daga ƙarshe, wurin wani matashi mai ɗan teburi a ƙarƙashin lema, gabansa na'urar hura zafi da dalma da tarin matattun wayoyi a cikin robar alawa. Ya karɓa, ya haska bakin cajin da fitilar wayarsa, ya yi murmushi. Ya ɗauki wani ɗan tsinke ya shiga saƙatawa a hankali. Sai ga dunƙulen auduga da ƙura, irin wadda aljihun riga ke tarawa, ta fito ta kai girman ƙwayar gero uku. Ya hure, ya goge da ɗan burushi, ya jona caja. Alamar caji ta hau nan take.

Na ce, “Injiniya, nawa ne?”

Ya ce, “Haba Baba, wannan ai ba aiki ba ne. Batirin dai ya fara gajiya, in ya dame ka ka dawo mu canza.” Ya riga ya miƙa hannu ya karɓi wayar mutumin da ke bayana.